Yaran da Muka Koyar a Shekarun Gudu Sun Isa Jami'a

Jawabin da aka gabatar a taron reshe, a gaban malamai da iyalansu. Mun buga shi ne don amfanin waɗanda ba su sami halarta ba.



An nemi mu yi magana a kan abin da yaƙi yake bari a zukatan ɗaliban jami'a, da yadda yake taɓa juriyarsu da lafiyar ƙwaƙwalwarsu. Mai yiwuwa wani ya ce, ina ruwan malamin firamare da jami'a? Mu muna nan da alli da rajista, su kuwa suna can hannun farfesoshi. Amsar tana cikin lissafin da muke koyarwa a aji 2. Yaron da yake aji 3 a shekarar 2014, yana ɗan shekara 8, ya cika 18 a 2024. Ke nan yaran da suka zauna a gabanmu a shekarun da wutar Boko Haram ta fi ruruwa, su ne yau suke ɗaukar lacca a Jami'ar Maiduguri, da Jami'ar Jihar Yobe a Damaturu, da Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, da Jami'ar Modibbo Adama a Yola, da Jami'ar Jihar Adamawa a Mubi, da kwalejojin ilimi da na fasaha na wannan yanki. Wasu 'ya'yan cikinmu ne, wasu kuma hannunsu muka riƙe suka rubuta harafin farko. Saboda haka zancen namu ne.

Abin da idonsu ya gani

Ba sai mun tsawaita a nan ba, domin babu wanda aka ba labari a cikinmu. Amma akwai abu guda da ya bambanta wannan yaƙi da yaƙe-yaƙe da yawa, shi ne cewa makaranta kanta aka sa a gaba. A Yulin 2013 an kashe ɗalibai a sakandaren Mamudo. A Satumban shekarar an shiga ɗakunan kwanan Kwalejin Aikin Gona ta Gujba da tsakar dare, aka kashe fiye da 40. A Fabrairun 2014 aka yi na Buni Yadi, a Afrilu aka kwashi 'yan mata 276 daga Chibok, a Nuwamba bam ya tashi a Potiskum yara suna jere a taron safe. A Fabrairun 2018 aka ɗauki 110 a Dapchi. A 2017 Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya ƙidaya malamai fiye da 2,295 da aka kashe tun daga 2009, da 19,000 da aka raba da muhallinsu, da makarantu kusan 1,400 da aka rusa.

Manyan makarantu ma ba su tsira ba. An kai hari kan masu ibada a tsohon mazaunin Jami'ar Bayero a Afrilun 2012. An bi ɗalibai gida-gida a Mubi a Oktoban shekarar. An shiga Kwalejin Ilimi ta Tarayya a Kano a Satumban 2014, wata guda bayan haka Mubi ta faɗi, ɗalibai suka fantsama cikin daji da duwatsu. A Janairun 2017 bam ya tashi a masallacin Jami'ar Maiduguri da asuba, Farfesa Aliyu Mani yana cikin waɗanda suka rasu.

A wasu ƙasashe, idan gari ya rikice, yaro yakan sami mafaka a makaranta. A nan kuwa an yi lokacin da uwa take ɓoye kayan makarantar ɗanta, a binne littafi, a ƙone takardar shaida, don kada a gane gidan 'yan boko ne. Yaron da ya tashi a haka, zuciyarsa ta ɗaure ilimi da haɗari a igiya ɗaya. Shi ne yau muke tura shi ya kwana a ɗakin ɗalibai, ya zauna cikin mutum 500 a zaure mai ƙofa biyu, mu ce ya natsu ya yi karatu.

Yadda firgici yake zama a jiki

Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Likitoci ba su ƙaryata wannan magana ba, bayani suka ƙara mata. A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da aikinsa gadi ne. Da ya hango haɗari sai ya buga ƙararrawa, jiki ya saki sinadaran adirenalin da kotisol, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya gajarta, jini ya tafi ƙafa da hannu, mutum ya shirya gudu ko faɗa, ko kuma ya sandare a inda yake. Wannan rahama ce, da ita mutane da yawa suka kuɓuta. Idan haɗarin ya wuce, mai gadin yakan koma ya zauna. Amma idan haɗarin ya yi tsanani, ko ya yi ta maimaituwa shekara da shekaru, musamman a kan yaron da ƙwaƙwalwarsa ba ta gama ginuwa ba, mai gadin yakan ƙi zama. Salansar babur ta fashe, ya buga ƙararrawa. An bugo ƙofa da ƙarfi, ya buga. Warin hayaƙin taya ya taso, ya buga.

Wannan shi ne ciwon firgicin bayan masifa, wanda likitoci suke taƙaitawa da haruffan PTSD. Alamominsa sukan zo ta fuska huɗu. Abin da ya faru yakan yi ta dawowa, a mafarki ko ido biyu, kamar yanzu ake yin sa. Mutum yakan guje wa duk abin da zai tuna masa, ko wuri ne, ko mutane, ko zance. Jiki yakan zauna a ɗarare, barci ya ƙaurace, fushi ya matso kusa, ƙaramin motsi ya sa a zabura. Sannan zuciya takan yi nauyi ko ta bushe, mutum ya daina jin daɗin abin da yake so a da, ya riƙa zargin kansa, har ya tambayi kansa dalilin da ya sa shi ya rayu ɗan uwansa ya tafi. Sau da yawa ciwon damuwa da yawan fargaba sukan biyo baya. A wurinmu kuma, inda ba a saba faɗin ciwon zuciya da baki ba, jiki ne yake faɗa: ciwon kai da ba ya jin magani, zafin ƙirji, faɗuwar gaba, kasala, a yi ta shan maganin maleriya da taifod ba sauƙi.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙiyasi a mujallar likitoci ta Lancet, cewa a wuraren da aka yi yaƙi, kusan mutum 1 cikin 5 yana ɗauke da wata larurar ƙwaƙwalwa, kuma kusan 1 cikin 11 tasa ta kai matsakaiciya ko mai tsanani. Mu karanta wannan adadi ta fuska biyu. Mafi yawan waɗanda suka ga yaƙi sukan miƙe ba tare da ciwo mai ɗorewa ba, kada mu ɗauki kowane yaron Bama ko Gwoza a matsayin majinyaci. Amma 1 cikin 5 ba kaɗan ba ne. A ajin mutum 50, mutum 10 ke nan.

Me ya sa sai a jami'a?

Iyaye sukan yi mamaki, su ce yaron nan lafiya lau ya gama sakandare, ya ci jarrabawar JAMB, me ya same shi yanzu? Ruwa ba ya tsami banza. A gida akwai abubuwan da suke riƙe da shi, ko da ba wanda ya lura: muryar uwa da safe, cin abinci a kwano ɗaya da ƙanne, limami ko fasto da ya san sunansa, maƙwabtan da suka gudo tare, waɗanda ba sai an yi musu bayani ba. Ranar da ya ɗauki akwati ya tafi, duk waɗannan ya bar su a baya. Ga cunkoson ɗakin kwana da hayaniyar dare ga mai neman barci da ƙyar. Ga shekarun da yake ciki, daga 18 zuwa 25, waɗanda a cikinsu larurorin ƙwaƙwalwa da dama suke fara bayyana ko da babu yaƙi.

Sannan aikin jami'a ya dogara ne a kan abubuwan da firgici ya fi lalatawa, wato natsuwa, da riƙe abin da aka karanta, da barci. A kwalejin ilimi an koya mana matakalar buƙatu ta Maslow, cewa yaron da bai ƙoshi ba kuma bai ji yana cikin aminci ba, ba ya hawa zuwa matakin koyo. Mun haddace mun rubuta a jarrabawa, sai ga shi mun gan ta da ido. Ƙwaƙwalwar da take gadin ƙofa ba ta iya bin malami. Ɗalibi yakan karanta shafi sau uku bai riƙe komai ba, ya zaɓi kujerar bakin ƙofa a kowace lacca, ya shiga zauren jarrabawa abin da ya sani ya gudu. Sakamako ya fito ya faɗi kwas biyu, a ce masa rago, ko a ce ya shiga abokan banza. Shi ma ya yarda da haka, domin bai san sunan abin da yake damunsa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga: a nan ne tiramol da maganin tari mai kodin suke samun kasuwa, domin sukan sayar wa mutum barcin dare ɗaya. Gwamnati ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin a Mayun 2018, amma doka ba ta kawar da abin da ya sa ake neman sa ba.

Masu binciken lafiyar waɗanda suka tsira daga yaƙi sun lura da wani abu da ya kamata mu riƙe: wahalar yau da kullum takan yi nauyi a kan zuciya kamar yadda abin da aka gani a yaƙin yake yi. Kuɗin rajista da ya tashi, kwana da yunwa, uba da ya rasa gona da shanu, yajin aikin watanni 8 na 2022 da ya mayar da ɗalibai gida ba aiki sai tunani, ambaliyar Maiduguri ta Satumban 2024 bayan ɓallewar madatsar Alau, wadda ta sake mayar da iyalai sansani. Miki bai warke ba ake sake fama shi. Haka kuma 'ya'yanmu da aka kwaso daga Yukren a 2022 da Sudan a 2023 suka dawo da nasu kayan, ga karatu ya katse a tsakiya.

Haƙuri da juriya

Yanzu mun zo inda muke so a tsaya a yi tunani. Muna alfahari da yaran nan, kuma sun cancanta. Yarinyar da ta yi aji 4 a ƙarƙashin tanti, yau tana karatun aikin jinya. Fiye da 100 daga cikin 'yan matan Chibok da suka kuɓuta sun koma karatu a Jami'ar Amurka ta Nijeriya da ke Yola. Muna cewa mai haƙuri yakan dafa dutse, kuma gaskiya ne, mun ga waɗanda suka dafa.

Sai dai al'adarmu takan haɗa haƙuri da shiru, ta mai da su abu ɗaya. Ana cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Namiji ba ya kuka. Mace ta gari ba ta tona asirin gida, balle abin da aka yi mata a daji. Wanda ya ce ba ya iya barci, a ce masa ya yi tawakkali, wasu sun ga abin da ya fi nasa. Da wannan sai yaro ya fahimci cewa faɗin ciwo raunin imani ne, ko butulci ga Allah da ya tsirar da shi. Ya haɗiye. Mu kuma mu ga ya yi shiru mu ce ya warke.

Yarda da ƙaddara ginshiƙi ne, kuma addu'a da jam'i suna cikin manyan abubuwan da suka riƙe mutanenmu a shekarun nan. Amma babu malamin addini na ƙwarai da zai ce wa mai karaya ya bar zuwa wurin maɗori don ya nuna tawakkali. Mutum yana iya zama mai juriya kuma yana ɗauke da miki a lokaci guda. Hasali ma, ɗalibin da ya fi kowa ƙwazo, wanda ba ya barin ɗakin karatu sai an kore shi, wani lokaci gudun kaɗaici da tunani ne yake zaunar da shi a can.

To daga ina juriya take fitowa? Wata masaniyar halayyar yara mai suna Emmy Werner ta bi rayuwar yara 698 da aka haifa a 1955 a tsibirin Kauai na Hawai, a Amurka, tun suna jarirai har suka kai shekara 40. Kusan kashi 1 cikin 3 nasu sun tashi cikin talauci da rikicin gida da rashin lafiyar iyaye. A cikin waɗannan, kusan kashi 1 cikin 3 sun girma suka zama mutane masu natsuwa da riƙon amana. Da aka duba abin da ya haɗa su, babban abin da aka samu shi ne kowannensu ya sami aƙalla babban mutum ɗaya da ya tsaya masa: kaka, ko gwaggo, ko maƙwabci, kuma sau da yawa malamin makaranta. Ba yaƙi suka gani ba, amma darasin ya shafe mu. Juriya ba gado ba ce da ake haihuwar wasu da ita a hana wasu. Gina ta ake yi, kuma mutane ne tubalinta. Idan aka zare mutanen, tana iya zubewa. Idan aka mayar da su, tana sake tashi.

Abin da yake hannunmu

Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya 'yan ɗaruruwa ne, ga al'umma fiye da miliyan 200. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Maiduguri yana ɗauke da nauyin yanki guda. A Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958 da aka gada daga zamanin Turawa, ta kuma tanadi mutunci da haƙƙin mai larura. Ci gaba ne, amma kafin doka ta iso ɗakin kwanan ɗalibi, wayar uwarsa ta riga ta isa.

Ga iyaye: idan muka kira su, kada zancen ya tsaya a kan sakamako da kuɗi. Mu tambaya, kana samun barci? Kina cin abinci? Da wa kake zama? Idan sun dawo hutu, labarin zuciya a tambayi fuska. Wanda ya rame, wanda ya daina fita, wanda ƙaramin abu yake tunzura shi, wadda take kwana da fitila a kunne, a zauna da su a keɓe, ba a gaban ƙanne ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taƙaita taimakon farko ga wanda ya firgita a kalmomi uku: duba, saurara, sada. A duba halin da yake ciki, a saurare shi, a sada shi da inda zai sami taimako. Kada a matsa masa ya ba da labarin abin da ya gani, tilas tana iya ƙara ciwo. Idan ya fara da kansa, kada a katse shi da wa'azi.

Idan alamomin sun wuce wata guda suna hana shi karatu ko hulɗa da mutane, a je asibiti. Ciwon nan yana da magani. Akwai jinya ta hanyar tattaunawa da ƙwararre, wadda take koya wa ƙwaƙwalwa cewa abin ya wuce, akwai kuma ƙwayoyi idan likita ya ga buƙata. Zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa ba shaidar hauka ba ce, kuma ba ya hana addu'a. Wanda kuwa ya ambaci gajiya da rayuwa, ko ya ce gara a ce ba ya nan, wannan ba maganar wasa ba ce. Kada a bar shi shi kaɗai, kada a jira gobe.

Ga reshe, muna gabatar da shawara uku. Ta farko, kowace makaranta ta san tsofaffin ɗalibanta da suke manyan makarantu, musamman marayu da waɗanda suka zo mana gudun hijira, a raba su tsakanin malamai, kowa ya riƙa kiran nasa ko sau ɗaya a zango. Saƙon da ya ce malaminka na aji 5 ne, yaya karatu, ba ya cin kuɗi, amma ga wanda ba shi da uba yana da nauyi. Ta biyu, reshe ya gayyaci ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa su horar da mu a kan taimakon farko, domin yaran da suke gabanmu yau, a nan da kuma inda 'yan bindiga suke tashin ƙauyuka a Zamfara da Katsina da Sakkwato, su ne ɗaliban jami'a na shekara 10 masu zuwa. Ta uku, kwamitin walwala ya taimaka wa iyalan abokan aikinmu da suka rasu wajen cike takardun tallafin karatu na jiha da na bashin ɗalibai na tarayya da aka fara a 2024, domin cikin da ya ƙoshi ya fi saurin samun barci.

Kada kuma mu manta da kanmu. A cikin zauren nan akwai waɗanda suka binne abokan aiki, akwai waɗanda suka yi kwana da kwanaki a ƙafa da goyo a baya, akwai waɗanda har yau ba sa zama su ba ƙofa baya. Duk abin da muka faɗa a kan ɗalibai ya hau kanmu. Malamin da ya nemi taimako ya koya wa yaransa darasin da babu shi a manhaja.

Waɗanda suka ƙone makarantunmu sun so a ce yaran nan ba za su kai ko'ina ba. Sun kai. Abin da ya rage shi ne su fito da takardar shaida a hannu da lafiya a zuciya, su zama likitoci da alƙalai da malaman da wannan yanki yake jira. Ɗa na kowa ne, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya ba marasa lafiya lafiya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.